Iyakar da ke Tsakanin Jinya da Gwaji

Aikin likita ya kasu gida biyu, ko da yake majinyaci ba kasafai yake iya bambance su ba: akwai jinya, wato ba da maganin da aka riga aka tabbatar da amfaninsa, akwai kuma gwaji, wato amfani da magani ko tiyatar da ba a gama sanin fa'idarsu da illarsu ba. Ƙa'idojin Nuremberg na 1947 sun wajabta neman yardar wanda za a yi gwaji a jikinsa, sannan gyaran da aka yi wa Sanarwar Helsinki a 1975 ya ƙara sharaɗin cewa sai wani kwamiti mai zaman kansa ya tantance aikin kafin a fara. Dalilin ƙarin a fili yake, domin likitan da ya yi imani da sabuwar dabararsa ba ya zama alƙali a kanta, kuma wanda ciwo ya ci ƙarfinsa ba ya iya cewa a'a.

Abin da ya faru a Kano a 1996 ya isa hujja. Lokacin da annobar sanƙarau ta ɓarke, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa, inda aka raba yara kimanin 200 gida biyu, aka ba rabi sabon maganin, rabi kuma ceftriaxone wanda aka saba da shi. Yara 11 suka rasu, 5 daga rukunin farko, 6 daga na biyu. Kamfanin ya tsaya a kan cewa sanƙarau ne ya kashe su kuma iyaye sun yarda da baki, amma iyaye da dama sun ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Abin da ya fi muni shi ne takardar amincewar kwamitin ɗa'a da aka gabatar, wadda bincike ya nuna bayan kammala aikin aka rubuta ta, aka sa mata tsohon kwanan wata. An sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75, sai dai kuɗi bai goge zargin da ya taimaka wajen ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003 ba.

Akwai kuma wata kafa da ta fi wuyar toshewa, wato a kira gwaji da sunan ceton rai domin a kauce wa kwamiti. Haka aka yi a asibitin Karolinska na ƙasar Suwidin, inda likita Paolo Macchiarini ya dasa wa mutum uku maƙogwaron roba a 2011 da 2012, dukkansu suka mutu daga baya, kotu kuma ta yanke masa ɗaurin shekara biyu da rabi a 2023.

Najeriya tana da kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya, wanda ya fitar da kundin ƙa'idojinsa a 2007, amma kundi ba ya zama a gefen gadon majinyaci. Wajibi ne shugabannin asibitoci su hana duk wata sabuwar dabara, ko da sunan jinya ta zo, sai kwamiti ya duba ta tukuna, an kuma yi wa majinyaci ko waliyyinsa bayani da harshen da yake ji.