Gadon Rukunin Jini a Jamus



A 1924 ne Felix Bernstein, masanin lissafi a Jami'ar Gotingen, ya bayyana yadda ake gadon rukunin jini: ɗa yakan karɓi ƙwaya ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba, cikin A, B da O. A Jamus, cikin mutum 100, kimanin 43 A ne, 41 O, 11 B, 5 AB. Kimanin 15 kuma ba su da alamar Rh. Mace irin wannan, in ɗan cikinta ya gaji Rh wajen uba, jikinta yana iya yaƙar jinin jaririn da zai biyo baya. Allurar anti-D tana hana haka. Saboda haka, jama'a, mu ma a riƙa gwada jinin mata tun cikin fari.