Satiru, 1906: Su Wane Ne Mutanen Nan?



An ba ni minti talatin in yi magana a kan waɗanda tarihi ya yi wa gurguwar fahimta. Na ga ya fi amfani in ɗauki gari guda ɗaya mu dube shi da kyau, maimakon in yi ta lissafa sunaye. Garin kuwa shi ne Satiru, wanda yake kamar mil 14 kudu da Sakkwato. Wanda ya taɓa cin karo da sunan a littafin makaranta, galibi layi biyu ya gani: wai wasu jahilai masu zafin kai sun bi wani mai da'awar Mahadi, suka yi wa hukuma tawaye a 1906, aka murƙushe su. Abin da nake so mu tambaya a yau shi ne, wa ya rubuta layukan nan biyu, kuma me ya bari bai rubuta ba?

Bari mu fara da abin da ya faru. Turawa sun ci Sakkwato ran 15 ga Maris, 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas, aka bi shi har Burmi, inda ya rasu a fagen fama a watan Yuli na wannan shekara. A 1904 shugaban Satiru ya ce shi ne Mahadi, aka kama shi, ya mutu a tsare, ɗansa Malam Isa ya gaje shi. A ƙarshen 1905 kuma tarzoma ta tashi a ƙasar Zabarma, wajen Doso, inda Faransa ke mulki, a ƙarƙashin wani malami makaho mai suna Shu'aibu, wanda aka fi sani da Ɗan Makafo. Da Faransawa suka fi ƙarfinsa, sai ya ƙetaro ya sauka a Satiru.

Ran 14 ga Fabrairu, 1906, Razdan na riƙo, Preston-Hillary, ya fita daga Sakkwato da sojan doki don ya kamo shugabannin garin. Ya wuce gaban rundunarsa da niyyar magana da mutanen, sai suka auko kafin soja su gama jeruwa. Dawaki suka firgita, sahu ya watse. Mutane masu fartanya da gatari da kwari da baka suka kashe Turawa uku da soja 25, suka kuma kwashe bindigar Maxim mai aman harsashi. Tun zuwan Turawa ƙasar nan ba a taɓa yi musu irin wannan ɓarna ba.

Ramuwar ta zo ran 10 ga Maris. Gwamna Lugga ya janyo sojan da ya riga ya tura ƙasar Tibi, ya haɗa runduna ta fiye da mutum 500 a ƙarƙashin Manjo Goodwin, dawakin Sakkwato kuma suka rufa musu baya. Masana sun ƙiyasta an kashe kimanin mutum 2,000. Mata da yara wajen 3,000 aka kwashe aka rarraba. Aka rushe garin, aka hana kowa ya sake gini ko noma a wurin. Ɗan Makafo kuwa aka yanke masa hukunci a Sakkwato, aka kashe shi a kasuwa. Har a Landan abin ya tayar da hankali: Winston Churchill, wanda a lokacin ƙaramin minista ne a ofishin kula da ƙasashen mallaka, ya rubuta a fayil yana nuna ƙyamar yadda aka hallaka taron da kusan ba shi da makami.

To, jama'a, ruwa ba ya tsami banza. Me zai sa manomi ya tunkari bindiga da fartanya? Rahotannin Turawa sun ba da amsa mai sauƙi, suka ce haukan addini ne. Amsar ta yi musu daɗi, domin idan mahaukaci ya yi ɓarna, ba a tambayar abin da aka yi masa. Haka maganar ta zauna shekara da shekaru, har masanin tarihi R. A. Adeleye ya sake buɗe ta a farkon shekarun 1970, ya nuna cewa Satiru wani babi ne na turjiya ga mulkin mallaka. A 1990 kuma Paul Lovejoy da Jan Hogendorn suka ƙara tono wani abu da aka daɗe ana kau da kai daga gare shi, watau da yawa daga cikin mutanen Satiru bayi ne da suka gudo daga gandayen masu mulki, sauran kuwa talakawa ne.

Wannan shi ne mabuɗin labarin. Turawa sun shigo suna shelar cewa sun zo hana bauta. A 1901 Lugga ya yi doka cewa duk ɗan da aka haifa daga watan Afrilu na shekarar ɗa ne, ba bawa ba. Amma wanda ya riga ya shiga bauta, ba a 'yanta shi ba, kuma hukuma ta yi ta ƙoƙarin hana bayi gudu, don kada gonakin manya su mutu, kada kuma sarakunan da take so ta yi mulki da hannunsu su juya mata baya. Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Ku sa kanku a matsayin bawan da ya ji shelar 'yanci, ya tsere, sa'an nan ya tarar cewa sabon mai mulki da tsohon ubangijinsa sun zama abokan juna. Ina zai nufa? Ga haraji, ga aikin tilas a ɓangaren Faransa. Mutumin da duniya ta yi wa ƙunci haka, idan aka ce masa Mahadi ya kusa bayyana ya cika ƙasa da adalci, ba ya bukatar doguwar hujja.

Kada wani ya fita daga zauren nan ya ce na wanke mutanen Satiru tas. Ban wanke su ba. Kafin karonsu da Turawa sun auka wa maƙwabtansu na Tsomo, suka kashe mutane don sun ƙi bin su, waɗanda aka kashe ɗin nan kuwa su ma talakawa ne. Da'awar da shugabanninsu suka yi kuma malaman Sakkwato ba su yarda da ita ba, suna da hujjojinsu na ilmi. Haka nan ban zo in jefi Sarkin Musulmi Attahiru na Biyu da manyan fadarsa ba. Shekara uku kacal da suka ga abin da ya faru a Burmi, sun san abin da zai sami birnin in sun karkata. Sarkin Gwandu, wanda aka zarga da karkata, an tuɓe shi a wannan shekara, Sarkin Haɗeja kuma an kai masa yaƙi a watan Afrilu aka kashe shi. Sake duban tarihi yana nufin a mayar wa kowa da dalilinsa, mai laifi da marar laifi, don mu ga mutane a inda dā muke ganin laƙabi kawai.

Kuma abin da ya biyo baya ya shafe mu duka. Bayan Satiru, Turawa sun tabbata cewa zamansu a ƙasar nan ya dogara ga sarakuna, sarakuna kuma suka ga cewa kujerunsu sun dogara ga Turawa. Wannan ƙulli shi ya ƙarfafa tsarin mulki ta hannun sarakuna, tsarin En'e, wanda ya ɗore har bayan samun mulkin kai a 1960. Saboda haka ƙauyen da aka ba layi biyu a littafi yana da hannu a siffar mulkin da kakanninmu suka rayu a ƙarƙashinsa.

Yanzu in juyo gare ku. Mutanen Satiru ba su bar mana fayil ba. Wanda ya ci yaƙin shi ya riƙe alƙalami, kalmar da ya zaɓa kuwa ta yi fiye da rabin ƙarni tana yawo daga rahoto zuwa littafi, daga littafi zuwa bakin malami a aji. Da yawanku gobe ku ne za ku riƙe wannan alƙalami. Za a tura ɗayanku ƙauyen da aka ƙi biyan haraji, ko kasuwar da aka yi rikici, ko unguwar da za a rushe, a ce ya rubuto rahoto. A gabansa akwai kalmomi shiryayyu: 'yan tada zaune tsaye, ɓata-gari, marasa kishin ƙasa. Rubuta su ba ya ɗaukar minti ɗaya, shugaba kuma zai sa hannu ba tare da tambaya ba. Amma a kan wannan kalma ne za a yanke shawarar ko a aika mai sauraro ko a aika mai bindiga.

Roƙona gare ku guda ne. Kafin ku sa wa jama'a suna a takarda, ku je ku tambaye su su wane ne, daga ina suka fito, me aka karɓe musu, me aka yi musu alkawari ba a cika ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ku rubuta abin da suka faɗa ko da bai yi muku daɗi ba, ku rubuta laifinsu kuma ba tare da ƙari ba. Ɗaliban tarihi da ke cikinmu kuwa, hutu na zuwa: ku zauna da tsofaffin garuruwanku, ku ɗauki abin da suka ji daga iyayensu, domin kowace ƙasa tana da nata kufai wanda ba a tambayi masu shi ba.

 Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya a kan rayayyu da matattu.