Durƙuso Ma Magani Ne: Jawabin Kwamitin Lafiya A Taron Ƙungiya

 

Abin da ya tara mu a yau shi ne maganar gashin ƙashi, wato fisiyo, musamman durƙuson da ake sa majinyaci ya riƙa yi. Dalili kuwa shi ne, hawan jini ya yi yawa a cikinmu, shi ne kuma kan gaba wajen jawo shanyewar ɓarin jiki. Mu a nan Lafiya, akasarinmu da ƙarfin jikinmu muke ci, daga mai fataucin doya da riɗi har ɗan dako da ɗan acaɓa. Idan maigida ya kwanta, to gida gaba ɗaya ya kwanta.

Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasar nan. An fara shi a asibitin ƙashi na Igbobi da ke Ikko a 1945, Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a kansa a 1966, sannan a 1988 gwamnati ta kafa hukumar da ke yi wa masu aikin rajista. Saboda haka ilimi ne mai ƙa'ida, ya bambanta da tausar gida.

To, me ya sa ake sa babban mutum ya durƙusa kamar yaro? Saboda jiki yana kusa da ƙasa, tsoron faɗuwa ya ragu, ga shi kuma dole ƙugu da baya da ciki su yi aiki, su ne kuwa ke riƙe mutum idan ya miƙe.

Na farko shi ne rarrafe, hannu biyu da gwiwa biyu a ƙasa. Wannan yana sa hannu da ƙafar da suka shanye su koma ɗaukar nauyi, ana kuma yin sa don wasu ciwukan baya. Na biyu, zama a kan dugadugai, kusan irin zamanmu na tahiya, daga nan mutum ya riƙa ɗagowa yana komawa. Na uku, tsayuwa a kan gwiwa biyu, jiki a miƙe, don ƙugu ya yi ƙarfi. Na huɗu, gwiwa ɗaya a ƙasa, ɗaya ƙafar a gaba tana taka ƙasa. Wannan ya fi wuya, amma shi ne ƙofar miƙewa, kuma da shi ake koya wa tsofaffi yadda za su dafa kujera su tashi idan sun faɗi. Yaran da suka makara wajen zama da tafiya su ma akan bi da su ta waɗannan matakai.

Amma jama'a, a yi hattara. Mai ciwon gwiwa mai tsanani, da wanda aka yi wa aikin gwiwa ko na ƙugu kwanan nan, da mai ciwon suga wanda ƙafarsa ta daina ji, kada su fara sai ma'aikacin gashi ya duba su. A shimfiɗa abu mai laushi, wani ya tsaya ta ɓangaren da ya shanye, kuma kada a ja majinyaci ta hannun da ya mutu, domin kafaɗar na iya gocewa. Wanda sujada ta gagare shi kuwa, malamanmu suna nan za su yi masa bayanin sauƙin da addini ya yi.

Roƙonmu shi ne, da zarar baki ya karkace, ko hannu ya saki, ko magana ta sarƙe, a garzaya asibiti nan take. Kada a ce sai an haɗa kuɗin mota an kai shi gida Kano ko Katsina, domin sauƙin da ake samu ya fi yawa a watanni 3 zuwa 6 na farko, kwanciyar tabarma kuwa sandarar da gaɓoɓi take yi. Akwai sashen gashi a babban asibitin da muka sani da sunan Dalhatu Araf, akwai kuma a asibitin tarayya na Keffi. Mu riƙa karɓa-karɓa wajen kai marasa lafiyarmu, tunda a baƙunci mu ne dangin juna. Kowa kuma ya riƙa gwada jininsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya bar mu lafiya da maƙwabtanmu.