Aikatau "Fend" na Ingilishi: Asalinsa, Ma'anarsa da Yadda Ake Fassara Shi

Kalmar da wannan lacca za ta duba gajeriya ce ƙwarai, amma ta sha kayar da masu fassara a ofisoshi da ɗakunan jarrabawa. Ita ce aikatau "fend" na Ingilishi.

Asalinta daga "defend" ne. Wannan kuwa ta shigo Ingilishi daga tsohon Faransanci, bayan Normawa sun ci Ingila a 1066, shi kuma Faransanci ya gaje ta daga Latin, inda saiwarta ke nufin duka ko bugu. Ke nan ma'anar farko ita ce a buge abin da ya taso wa mutum, a mai da shi baya. Wajen shekarar 1300 sai bakin jama'a ya yar da gaɓar farko, aka bar "fend". Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai nazarin Hausa, don haka Bahaushe ya yi wa kalmomin Larabci har ya sami "liman" da "lahira".

Inda gizo ke saƙar shi ne, kalmar ta rabu gida biyu. In aka ce "fend off", ana nufin kare hari ko ture shi. In kuwa aka ce "fend for oneself", wanda ya bayyana a ƙarni na 17, to, babu maganar garkuwa ko mashi. Ana nufin mutum ya ci da kansa, ya nemi na sakawa a bakin salati ba tare da mataimaki ba.

Tarihin Kabi ya isa misali ga duka biyun. Birnin Kabi ya faɗa hannun mayaƙan jihadi a 1805, daga baya Kabawa suka kafa gadon sarautarsu a Argungu. Tun daga 1849, lokacin da Yakubu Nabame ya ɗaga tutar tawaye, rundunonin Sakkwato da Gwandu sun yi ta kai wa Argungu hari, ba su ci ta ba har zuwan Turawa. Wannan shi ne "fend off". Amma ganuwa ba ta ciyar da kowa. Abin da ya riƙe garin tsawon waɗannan shekaru shi ne fadamar gulbin Rima, da shinkafarta, da kifin da masunta ke kamawa da homa da gora. Mutanen da maƙiya suka kewaye ta gabas da kudu, sai suka ci da kansu. Wannan kuma shi ne "fend for oneself".

Saboda haka, akawun da ya ga an rubuta cewa an bar marayu su yi "fend for themselves", ya fassara da "su kare kansu", ya ɓata zancen. Mai karanta rahotonsa zai zaci wani ne ke neman dukan yaran, ya tura maganar ga 'yan sanda, alhali kuwa yunwa ce ke damunsu, kuma ofishin jin daɗin jama'a ne ya kamata ya ji. Fassarar da ta dace ita ce "an bar su su ci da kansu", ko "an bar su ba mai kula da su".