Ciwon Baya a Gidan Aure: Jawabin da Aka Yi wa 'Yan Jam'iyya a Flatbush



Abin da ya tara mu yau shi ne ciwon baya, watau na ƙugu, irin wanda ya wuce wata 3 bai saki mutum ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ke fama da ciwon ƙugu. Mu kuwa a nan Flatbush ba sai an gaya mana ba. Mai tuƙin tasi yana wuni a zaune, mai tebur a Church Avenue yana ɗaukar kaya safe da yamma, matanmu kuma suna kitso ko suna ɗaga tsofaffi a gidajen mutane. To, idan ciwon nan ya kama miji ko mata, gida duka ya kama.

Abu na fari, mu gaskata mai ciwo. Ciwon baya ba shi da jini, ba shi da kumburi, saboda haka sai a ce ragwanci ne. Malam, in matarka ta ce ba ta iya sunkuyawa kan tukunya, kada ka ce ƙiwuya ce. Hajiya, in maigida ya rage fita, kada ki yi masa gori da kuɗin haya.

Na biyu, kada tausayi ya sa mu kwantar da shi. Da can a kan ce a kwanta sai an warke, amma likitoci sun gane doguwar kwanciya tana ƙara sandarar da baya. A 2017 ƙungiyar likitocin Amurka ta ce a fara da motsa jiki kafin ƙwayoyi. A watan Disamba 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi wannan hanya: atisaye, da tausa, da koya wa mutum zama da ciwonsa ba da tsoro ba. Ta hana ɗamarar baya, da jan ƙashin baya da na'ura, da ƙwayoyi masu sa maye irin su taramol. Wanda ya san zangunan Kumasi ko unguwannin Kano ya ga abin da taramol ya yi wa samari. Saboda haka taimako na gaskiya shi ne ku fita tare, ko zuwa Prospect Park ne, kaɗan yau, a ƙara gobe. Sannu ba ta hana zuwa.

Ibuprofen yana rage zafi, amma yawansa yana cin ciki da ƙoda. Mai gyambon ciki ko hawan jini ya tambayi likita tukuna. Garin maganin da a ke aiko mana daga gida kuwa, a nuna wa likita, gama ba mu san abin da a ke haɗawa ciki ba.

Na uku, ku je asibiti tare, domin kunne biyu ya fi ɗaya. Ga Kings County a kan Clarkson Avenue. Wanda ba shi da inshora, akwai shirin NYC Care da aka fara a 2019, ba ruwansu da takardun zama. Ku nemi tafinta, kyauta ne. In likita bai ce a ɗauki hoto ba, kada ku ga raini, gama mutane da yawa masu lafiya hotonsu yana nuna lalacewa a baya. Fiɗa kuma ba ta kowa ba ce, yawanci sai in jijiya ce ta danne. Amma in fitsari ko bayan gida ya ƙwace, ko tsakanin cinyoyi ya mutu, ko ƙafa ta raunana, ko zazzaɓi da rama suka biyo baya, a tafi asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.

Na huɗu, batun kuɗi. Wanda ya ji ciwo a wurin aiki ya sanar da mai aikin a rubuce cikin kwana 30, domin kada hakkinsa na diyya ya salwanta. Ma'aikacin albashi kuma, in likita ya shaida ciwon mijinta ko matarsa mai tsanani ne, dokar jihar New York ta ba shi hutun jiyya har mako 12, da kashi 67 cikin 100 na albashi, iyakar abin da doka ta yanke.

Sa'an nan wanda ba ya iya ruku'u da sujada, Shari'a ta yarje masa ya yi salla a zaune. Mu ajiye kujeru a masallaci, kada kunya ta hana kowa jam'i. Mai jiyya ma mutum ne, yana gajiya. Mu maƙwabta mu karɓe shi da cefane, da kai yara makaranta, da tsaron tebur ran asibiti. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba masu jiyya haƙuri da lada, ya bar zumunci. Amin. Wassalamu alaikum.