Jawabin Uban Taro a Bikin Yaye Ɗaliban Koyon Sana'a

  



'Ya'yana, malamanku sun sauke nasu nauyin. Sun koya muku ɗinki da kafinta da walda da gyaran waya. Ni abu ɗaya zan ƙara muku a guzuri, shi ne riƙon amana.

Ɗan Adam yakan manta kyawun aikin da aka yi masa, amma da wuya ya manta ranar da aka yaudare shi. Ku teloli, goman ƙarshe na azumi za ta gwada ku. Ɗinki zai yi ta shigowa, zuciya ta ce a karɓa. Kowa a nan ya san magidancin da ke zaune a bakin shago daren jajibirin Sallah, yaransa na jiran kaya a gida, shaddarsu kuwa ko yankawa ba a yi ba. Telan da ya ce tun farko, "Alhaji, ba zan iya gamawa kafin Sallah ba," kuɗin ɗinki ɗaya ya rasa, kuma Alhajin zai dawo. Ku masu gyaran waya, wanda ya miƙo muku wayarsa ya miƙo har da hotunan iyalinsa da saƙonninsa da bayanan bankinsa. Ku gyara abin da ya lalace, ku kau da ido daga sauran.

Ku dubi Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877. Da fataucin goro ya fara, a hanyar Gwanja. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, sai ya riƙa ba wakilansa kuɗi suna shiga ƙauyuka suna saye. Ba don sun riƙe amana suna dawowa da kaya ba, da kasuwancin bai kai ko'ina ba. A 1929 raƙuma 20 ne suka kai kuɗinsa banki a Kano. Ya rasu a 1955, har yau kuma ana kiran sunan gidansa da girmamawa.

Kada ku yi gaggawa. Za ku ga sa'anku ya riga ku sayen babur, ku yi masa fatan alheri ku koma kan aikinku, domin kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Idan Allah ya buɗa muku, ku jawo yaron maƙwabta ku koya masa, kamar yadda aka koya muku.

Ku kuma iyaye, kayan aikin da za a raba yau jari ne. Don Allah kada a kai keken ɗinki kasuwa saboda hidimar biki.

Allah ya sa wa sana'arku albarka, ya ciyar da ku halal, ya saka wa malamanku da alheri, ya mai da kowa gidansa lafiya.