Takardun 'Ya'yanmu da Taimakon Gwamnati a Birtaniya: Jawabi ga Shugabannin Ikilisiyoyi

  Abin da ya kawo mu gabanku shi ne maganar takardu: wa ke da ikon zama ɗan ƙasa a nan Birtaniya, da kuma irin taimakon da baƙo zai iya nema ba tare da ya jefa kansa cikin wahala ba. Mun san magana ce da ba a son yi a fili. Mutum zai gaya maka ciwon da ke jikinsa kafin ya gaya maka irin bizar da yake riƙe da ita.

Bari mu fara da yara, gama a nan ne kuskure ya fi yawa. Iyaye da dama suna tsammani duk yaron da aka haifa a asibitin ƙasar nan ɗan Birtaniya ne. Haka yake a dā, amma dokar 1981, wadda ta soma aiki ranar 1 ga Janairu 1983, ta kawar da wannan. Yaro yana zama ɗan ƙasa daga haihuwa ne idan a lokacin ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasa ne ko yana da izinin zama na dindindin. In ba haka ba, takardar haihuwa ba ta mai da shi ɗan ƙasa ba. Zai gama firamare da sakandare, ba wanda zai tambaye shi kome. Sai ranar da ya nemi rancen karatun jami'a, ko aiki, ko fasfo, sa'an nan a ce masa shi baƙo ne a garin da aka yanke masa cibiya.

Amma dokar nan ta bar ƙofofi biyu. Ta fari, idan uba ko uwa suka sami izinin dindindin kafin yaron da aka haifa a nan ya kai shekara 18, yana da iko a yi masa rajista. Ta biyu, kuma ita muke so ku riƙe da kyau: yaron da aka haifa a nan, ya yi shekarunsa 10 na fari a ƙasar, bai fita fiye da kwana 90 a kowace shekara ba, yana da ikon rajista ko da iyayensa ba su da takarda ko ɗaya. Hakkinsa ne, ba alfarma ba. Sai dai daga shekara 10 hukuma tana duba halin yaro, don haka ƙaramin laifi da 'yan sanda a shekara 14 yana iya ɓata abin da ya kamata a gama tun yana ɗan 10. A bari ya huce, shi ke kawo rabon wani.

Kuɗin ne ke tsayar da mutane. Shekara da shekaru kuɗin rajistar yaro fam 1,012 ne, alhali aikin duba takardar bai ci wa hukuma fiye da fam 372 ba. An kai maganar kotu. A 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta ce Ma'aikatar Cikin Gida ba ta kula da amfanin yara ba sa'ad da ta sa kuɗin, a 2022 kuma kotun ƙoli ta ce doka ta ba ta ikon sa shi. Duk da haka, tun Yuni 2022 iyalin da ba su da hali suna iya roƙo a yafe musu kuɗin yaro. A 2023 kuɗin ya hau zuwa fam 1,214. Waɗanda suka karanta Ayyukan Manzanni sura 22 za su tuna da shugaban soja da ya sayi zama ɗan Roma da kuɗi mai yawa, Bulus kuwa da shi aka haife shi. Mu da 'ya'yanmu yawancinmu muna layin shugaban sojan nan ne.

Manya kuma hanyarsu sananniya ce, ba za mu daɗe a kanta ba. Shekara 5 na zama bisa doka, ba a yi fiye da kwana 450 a waje ba, sa'an nan yawanci shekara guda da izinin dindindin. Akwai jarrabawar sanin rayuwar ƙasa da aka soma a 2005, tambaya 24, sai an ci 18, da shaidar jin Turanci. Wanda ya kai shekara 65 an ɗauke masa waɗannan biyu. A Mayu 2025 gwamnati ta fito da shawarar a mai da shekarun jiran izinin dindindin daga 5 zuwa 10 ga yawancin baƙi, saboda haka wanda lokacinsa ya cika kada ya zauna. Ga masu tsoron rasa gida: tsarin mulkin Nijeriya na 1999 bai hana haifaffen ɗan Nijeriya riƙe fasfo biyu ba.

Yanzu maganar taimako. Yawancin masu bizar aiki, ta karatu da ta iyali an rubuta musu cewa ba su da rabo a kuɗin jama'a. Wannan ya hana su Universal Credit, da kuɗin tallafin yara, da gidan kansul. Wanda ya karɓa zai iya ɓata bizarsa ta gaba. Gaskiya ne, kada a raina ta. Amma tsoro ya sa mutanenmu sun faɗaɗa hanin ya wuce inda doka ta tsaya. Makarantar gwamnati ba ta cikin hanin. Ganin likitan unguwa a Ingila kyauta ne ga kowa, ba a bukatar takardar zama kafin a rubuta sunanka, haka ma sashen gaggawa na asibiti. Kuɗin hutun haihuwa da na rashin lafiya da mai aiki ke biya bisa doka su ma ba sa ciki. Tun Afrilu 2022 yaran irin waɗannan iyalai a Ingila suna iya samun abincin makaranta kyauta idan abin da iyaye ke samu bai wuce iyaka ba. Ai kuwa masu biza suna biyan kuɗin lafiya tun kafin su sauka, wanda ya soma da fam 200 a shekara a 2015, ya kai fam 1,035 a 2024. Ba roƙo suke yi ba.

Idan abu ya kai ga rashin wurin kwana, sashe na 17 na dokar yara ta 1989 ya ɗora wa kansul a Ingila nauyin taimakon yaron da ke cikin bukata, har da masauki da kuɗin abinci ga iyalinsa. Talauci kaɗai ba dalili ba ne na raba yaro da uwarsa. Sai dai mu faɗa muku gaskiya, kansul yana tuntuɓar Ma'aikatar Cikin Gida, don haka wadda ba ta da takarda ta ga lauya tukuna. Masu izinin zama ta dalilin iyali kuma suna iya roƙo a ɗage musu hanin in sun nuna sun rasa abin rayuwa.

To, mene ne aikin ikilisiya? Na fari, ajiyar takardu. A 2018 ƙasar nan ta ga abin da ya faru da mutanen Windrush, waɗanda suka zo daga Karibiyan kafin 1973 bisa doka, amma don ba su da shaida a hannu wasu suka rasa aiki, wasu aka kore su. Ku ce wa iyaye mata su adana jan littafin awon jariri, da wasiƙun likita, da sakamakon makaranta na kowace shekara. Sakataren ikilisiya ya riƙe rajistar baftisma da ta makarantar Lahadi da tsabta. Fom ɗin rajistar yaro yana bukatar shaidu biyu, kuma fasto da ya san yaron yana iya zama ɗaya.

Na biyu, mu san iyakarmu. Ba da shawarar shige da fice ba tare da izini ba laifi ne tun dokar 1999, ko da kyauta aka yi, in da sunan ƙungiya ne. Fasto ya raka mutum, ya yi masa tafinta, amma cika fom aikin lauya ne ko mai ba da shawara da hukuma ta yi wa rajista. Ɗan'uwan da ya ce ya san wani a ciki, a gode masa, a wuce.

Roƙonmu shi ne kowace ikilisiya ta naɗa mutum biyu masu riƙon asiri, mace da namiji, waɗanda iyaye za su iya gaya wa shekarun 'ya'yansu da aka haifa a nan. A fara da waɗanda suka cika 10, a bi da masu 9. Inda ba a yafe kuɗi ba, majalisar dattawa ta duba ko baiko na musamman sau ɗaya a wata uku zai ɗauki nauyin yaro guda.